Ina Mutum Yake Idan Hankalinsa Ya Gushe?



Kwanakin baya aka kira ni wani gida a ɗaya daga cikin ƙauyukan da muke kai wa Misa, domin in duba wata tsohuwa da ta daɗe ba ta zo majami'a ba. Mace ce da ta yi shekaru tana jagorantar Zumuntar Mata, ita ke fara waƙa, ita ke shirya 'yan mata idan za a yi baftisma. Na same ta zaune a kan tabarma tana kallon bango. Babban ɗanta ya durƙusa ya gaishe ta, ta dube shi ta tambaye shi ko ɗan wane gida ne. Da muka fito zaure sai ya riƙe hannuna ya ce, "Fada, ka gaya mini gaskiya. Mama tana nan kuwa, ko gangar jikinta kawai muke ciyarwa?" Matarsa kuma ta ƙara da cewa maƙwabta sun fara tsegumi, wai tsohuwar tana fita da dare tana sambatu, don haka ba a rasa maita a ciki.

Tun daga ranar tambayar nan take bina. Na san kuma ba gidansu kaɗai take ba, gama akwai gidajen da ake jinyar mai shanyewar ɓarin jiki wanda magana ta ɗauke masa, da gidajen da yaro ke fama da farfaɗiya, da waɗanda aka kulle saurayi a ɗaki don ya sami taɓin hankali. Saboda waɗannan gidaje nake so mu duba abin da masana kimiyya suka gano game da hankalin ɗan Adam, da abin da Ikilisiya take koyarwa a kansa, sa'an nan mu ga abin da ya wajaba a kanmu.

Abin da masana suka gano

Kakanninmu sun ce hankali ke gani, ido gululu ne. Sun gane cewa bayan ido akwai wani abu da yake fassara abin da ido ya ɗauko. Likitoci sun bi sawun wannan abu har cikin ƙoƙon kai. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo 1 da rabi ba, wato kamar kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, suna aika wa juna saƙo dare da rana ta hanyar ɗan ƙaramin lantarki da sinadarai. Gani da ji, tafiya da magana, tunawa da sunan ɗanka, duk ta wannan hanya suke bi.

Ta wurin raunuka da cututtuka aka fara gane haka. A shekarar 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani ma'aikacin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana ɗura albarushi cikin dutse sai ya tashi, sandar ƙarfe ta shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu ta fita ta saman kansa. Bai mutu ba, amma likitan da ya yi jinyarsa ya rubuta cewa halinsa ya sāke, mutum mai natsuwa ya koma mai gaggawa da baƙar magana. Daga baya ya sami sauƙi har ya yi shekaru yana tuƙa keken doki a ƙasar Chile, ya rasu a 1860. A shekarar 1861 kuma, a birnin Paris na Faransa, likita Paul Broca ya duba wani majinyaci wanda yake fahimtar abin da ake gaya masa, amma bakinsa ba ya iya fitar da komai sai gaɓa ɗaya, "tan". Da mutumin ya rasu aka buɗe kansa, aka sami lahani a wani wuri na gaba a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Wannan ne ya sa har yau wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye yakan rasa magana, domin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne yake riƙe da hannun dama, a wurin yawancin mutane kuma shi ne yake riƙe da harshe. A 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya ba da bayani a kan wata mace da ta yi ta mantuwa har ta rasu, ya nuna yadda wasu dunƙule-dunƙule suka taru a ƙwaƙwalwarta suka lalata ƙwayoyin jijiya. Cutar da ake kira da sunansa ita ce kan gaba cikin abin da mu muke cewa gigin tsufa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da irin wannan mantuwa sun haura miliyan 55 a duniya.

Kada Kirista ya ji tsoron wannan ilimi. Allah ne ya yi ƙwaƙwalwa, shi ne kuma ya ba likita basirar bincikenta. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta wasiƙa a 1998 a kan bangaskiya da hankali, inda ya nuna cewa ba kishiyoyi ba ne, tare suke kai mutum ga gaskiya. Abin da likita ya tabbatar da awo, mu karɓe shi da godiya.

Inda awo ya tsaya

Amma wasu masana sun ƙetare abin da awo ya nuna, suka ce tunda tunani yana bi ta ƙwaƙwalwa, to mutum ƙwaƙwalwa ce kawai, ba wani abu bayanta. Francis Crick, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano tsarin ƙwayar gado, ya fitar da littafi a 1994 yana cewa murnarmu da baƙin cikinmu da zaɓinmu duk motsin ƙwayoyin jijiya ne kurum. Wasu manyan masana ba su yarda ba. John Eccles, wanda ya sami lambar Nobel a 1963 saboda bincikensa a kan yadda jijiyoyi suke miƙa wa juna saƙo, ya tsaya a kan cewa hankali ya wuce ƙwaƙwalwa. Haka ma Wilder Penfield, likitan tiyatar kai a Montreal ta Kanada, wanda ya yi shekaru yana taɓa ƙwaƙwalwar majinyata da ɗan lantarki suna farke. Yakan sa hannun mutum ya motsa, sai mutumin ya ce ba shi ya motsa ba, likita ne ya motsa masa. A ƙarshen rayuwarsa Penfield ya karkata ga cewa akwai abin da ƙwaƙwalwa kaɗai ba ta bayyana ba. Ban kawo sunayen nan don a ƙirga kawuna ba, gama ba a tabbatar da gaskiya da yawan masu goyon baya. Na kawo su ne don ku san cewa maganar Crick ra'ayi ne na falsafa, ba na'ura ce ta auna ta ba.

Ku ɗauki misalin kalangu. Mai ilimi zai iya auna fatarsa, ya ƙirga tsarkiyoyinsa, ya faɗi sau nawa fata take girgiza idan makaɗi ya matse hammata. Duk abin da zai faɗa daidai ne. Amma idan bai san harshen ba, zai gama awonsa bai ji cewa kirarin wani sarki ake yi ba. Ma'anar tana cikin kiɗan, ba ta kuwa zama fata ko tsarkiya ba. Haka likita zai iya nuna wurin da yake motsi a ƙwaƙwalwar uwa idan ta ji kukan jaririnta, amma yadda abin yake a cikinta, da dalilin da ya sa akwai wani mai ji tun farko, wannan awo bai kai gare shi ba. Masanin falsafa David Chalmers, wanda shi kansa ba mai addini ba ne, ya kira wannan matsala mai wuya a wata maƙala ta 1995, kuma har yanzu masana ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba.

Akwai kuma wani abu. Mutum yana iya gane cewa 2 da 2 huɗu ne a ko'ina da kowane zamani, ko da yake idonsa bai taɓa ganin ko'ina da kowane zamani ba. Yana iya sanin cewa cin amana mugunta ne ko da zai ci riba da shi. Yana iya jin yunwa ya ƙi abinci domin azumi. Hankalin da yake bambanta gaskiya da ƙarya, da lamirin da yake tsawata wa mai shi a cikin duhu inda ba mai ganinsa, su ne alamun da suka sa masanan Ikilisiya suka ce a cikin mutum akwai abin da ya fi ƙasar da aka yi shi da ita.

Abin da Ikilisiya take koyarwa

A nan sai mu yi hattara, gama Kiristoci da yawa suna riƙe da wani ra'ayi da suke tsammani na Ikilisiya ne, alhali ba nata ba ne. Suna ɗaukar rai kamar baƙo da ya kama haya a cikin jiki, ko kamar tsuntsu a keji yana jiran a buɗe masa. Bafaranshen nan René Descartes, wanda ya rasu a 1650, ya koyar da abin da ya yi kusa da haka, har ya ce a wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ne rai da jiki suke saduwa. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. A sura ta 2 ta Littafin Farawa, Allah ya siffata mutum daga ƙurar ƙasa, ya hura masa numfashi, abin da ya tashi kuwa mutum ɗaya ne mai rai. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bayyana cewa rai shi ne abin da yake mai da wannan jiki ya zama jikin mutum rayayye, yana cikin dukan jiki, ba a wata kusurwa ba. Majalisar Vienne ta tabbatar da wannan koyarwa a 1312, Majalisar Batikan ta Biyu ta maimaita ta a 1965 da ta ce mutum ɗaya ne, jiki da rai, Katekizim na 1992 kuma ya kawo ta a lamba 365.

Saboda haka abin da Broca da Alzheimer suka gano ba zai ba Waliyyi Toma mamaki ba. Shi da kansa ya rubuta cewa muddin muna cikin wannan rayuwa hankali ba ya aiki sai da taimakon gaɓoɓin ji da gani da tunawa, kuma idan cuta ta lalata su, mutum yakan kasa amfani da ilimin da yake da shi. Rai bai tafi ko'ina ba, hanyar da yake bayyana kansa ce ta toshe.

Ikilisiya ta kuma koyar da abubuwa biyu da awo ba zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba. Na farko, Allah ne da kansa yake halittar ran kowane mutum, iyaye ba su ne suke samar da shi ba. Na biyu, ran nan ba ya mutuwa sa'ad da jiki ya mutu, kamar yadda Majalisar Lateran ta Biyar ta bayyana a 1513. Duk da haka rai ba tare da jiki ba bai zama cikakken mutum ba tukuna, shi ya sa kowace Lahadi muke shaida bangaskiyarmu ga tashin matattu. Ɗan Allah da kansa ya ɗauki jiki irin namu, da ƙwaƙwalwa irin tamu wadda take gajiya har ya yi barci a cikin jirgin ruwa, ya kuma tashi daga kabari da jikin nan.

Daga nan amsar tambayar ɗan tsohuwar nan ta fito. Darajar mutum ba ta rataya a kan yawan abin da yake iya tunawa ko lissafawa ba. Da haka ne, da kwamfutar da take amsa tambayoyi cikin ƙiftawar ido ta fi kakarka daraja, abin da Fadar Batikan ta yi gargaɗi a kansa cikin takardar da ta fitar a watan Janairu na 2025 game da ƙirƙirarriyar basira. Darajar mutum tana kan cewa an halicce shi cikin kamannin Allah, an fanshe shi da jinin Kristi. Jariri na kwana ɗaya bai san sunansa ba, amma muna yi masa baftisma. Tsohuwar da ta manta sunan ɗanta ita ce dai wadda aka yi wa baftisma, ba wata ba, kuma hatimin baftisma ba ya gogewa.

Abin da ya wajaba a kanmu

Na farko, mu daina jifan tsofaffinmu da sunan maita. Tsohuwar da take fita da dare tana neman gidan ubanta wanda ya rushe tun da daɗewa, mai ciwo ce. Idan an tsare ta da tambaya za ta iya amsa laifin da ba ta yi ba, domin ba ta san abin da ake tambayarta ba. Wanda ya kafa hujja da irin wannan amsa ya yi shaidar zur a kan marar ƙarfi, zai kuwa amsa a gaban Allah. Mu kuma da muka gaskata cewa ran mutum a hannun Mahaliccinsa yake, bai kamata mu zauna cikin tsoron cewa wani zai kama kurwarmu ya sa a tulu ba.

Na biyu, mu kai marasa lafiyarmu asibiti. Farfaɗiya rikicewar lantarkin ƙwaƙwalwa ce, takan biyo bayan wahalar haihuwa, ko buguwa a kai, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau irin wanda ya yi mana ɓarna a 1996. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya rayuwa ba faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace. Idan yaro ya faɗi, a kawar da shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Masu taɓin hankali ma akwai asibitocinsu a Kaduna da Kware da Maiduguri. Ikilisiya ba ta musun cewa akwai Shaiɗan, amma Matiyu mai bishara, a sura ta 4, ya lissafta masu aljanu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. Dokar Ikilisiya ta hana kowane firist yin addu'ar korar aljanu ta musamman sai da izinin Bishop, littafin wannan hidima da aka sabunta a 1999 kuma ya umarta a fara tabbatarwa ba cuta ba ce, a nemi shawarar likitoci inda ya kamata. To, idan an ɗaure hannun Fada haka, wa ya ba wani mai ɗakin addu'a izinin dukan yaro da bulala don ya fitar masa da iska? Addu'a da magani tare suke tafiya. Allah ya ce tashi in taimake ka.

Na uku, mu kwance sarƙa. A sura ta 5 ta Markus, mutanen garin sun sha ɗaure mutumin nan na makabarta da mari da sarƙoƙi, ba su warkar da shi ba. Yesu ya tambaye shi sunansa, a ƙarshe aka same shi zaune, saye da tufa, cikin hankalinsa, Ubangiji kuma ya mai da shi gida wurin danginsa. Waliyyi Yohanna na Allah, wanda ya rasu a Granada ta Sifen a 1550, an taɓa kulle shi tare da mahaukata, ya sha dukan da ake yi musu da sunan magani, da ya fito sai ya ba da sauran ransa ga jinyar marasa lafiya da mutunci. A garin Geel na Beljiyam, inda ake girmama Waliyyiya Dymphna, iyalai sun yi ɗaruruwan shekaru suna karɓar masu taɓin hankali suna zama da su a gidajensu. A ƙasarmu ma Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara irin wannan tsari a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda majinyaci yake zama da ɗan'uwansa a cikin jama'a yana karɓar magani. A farkon 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma kare haƙƙin irin waɗannan majinyata. Abin kunya ne doka ta riga Kirista jin tausayi.

Na huɗu, kada mu yanke su daga Ikilisiya, kada kuma mu yanke musu hukunci. Katekizim ya koyar a lamba 1735 cewa alhakin laifi yana raguwa, har ma yakan faɗi, idan tsoro ko ciwon hankali ya rinjayi mutum. Tsohon da yake zagin 'ya'yansa cikin gigi bai zama mai zunubi da wannan ba, kada 'ya'yan su riƙe shi a zuci. Ku kira Fada ya zo ya shafe shi da mai, gama wannan sakramenti hakkinsa ne ko da ba ya iya roƙa yanzu, muddin da yana cikin hankalinsa zai so. Ku kuma tuna da masu jinya. Sau da yawa mace ɗaya ce take wanki da ciyarwa da tsaron ƙofa, ba barci ba hutu, ga habaicin dangi. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Ina roƙon Zumuntar Mata da Zumuntar Maza da matasa na kowace majami'a su san gidajen nan, su raba kwanaki, wani ya je ya zauna da majinyaci na yini ɗaya domin mai jinya ta sami zuwa kasuwa ko Misa.

Kafin in bar gidan nan muka koma wurin tsohuwar, muka durƙusa muka fara Rosari. Ba mu kai ƙarshen goma ta farko ba sai na ga leɓunanta suna motsi, tana bin addu'ar daidai, ita da ba ta gane ɗanta ba. Likitoci sun san dalilin wannan, gama abin da aka maimaita shekara da shekaru, kamar waƙa da addu'a, yakan daɗe bayan sauran tunani ya tafi. Ban gaya wa ɗanta cewa mu'ujiza ce ba. Na gaya masa cewa wata rana ko wannan ma zai iya ɗaukewa, kuma ko a ranar Mama tana nan. Annabi Ishaya, a sura ta 49, ya ba mu tabbaci cewa ko da uwa za ta manta da ɗan da ta shayar, Allah ba zai manta da mutanensa ba. Cetonmu ya dogara ga tunawar da Allah yake yi da mu, wadda ba ta tsufa. Na ce masa ya ci gaba da gaishe ta kowace safiya a durƙushe kamar yadda ya saba, ya kira ta Mama, ko ta amsa ko ba ta amsa ba, domin doka ta huɗu ba ta ce a girmama iyaye sai idan sun gane mu ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Uba, kai da ka siffata mu jiki da rai, ka dubi bayinka waɗanda hankalinsu ya raunana, ka ba likitoci basira, ka ba masu jinya haƙuri da ƙarfi, ka gafarta mana inda muka wulakanta kamanninka a cikin marasa lafiya. Ka kiyaye mu duka har ranar da za ka tashe mu cikakku, mu san ka kamar yadda ka san mu. Uwarmu Maryamu, lafiyar marasa lafiya, ki yi addu'a dominmu. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.